Wutar da Ke Zubewa a Hanya: Kaurin Waya da Nisan Falwaya

[Kiɗan buɗe shiri]

 Shirin yau na masu gini a bakin gari ne, da masu aikin wayarin, da duk magidancin da ya yi ta kai firjinsa wurin gyara har ya gaji bai gano abin da ke kashe shi ba. Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su, don akwai ɗan lissafi a gaba. Ba shi da yawa, amma lissafin rediyo in ba a rubuta ba iska ke tafiya da shi.

Duk wanda ya leƙa gefen Kano ko Kaduna ko Katsina ko Maraɗi ya san gari ya fi layin wuta sauri. Mutum ya sayi fili a awon igiya, ya yi gininsa, ya tare da iyalinsa, amma falwaya ta ƙarshe tana can baya, tsakaninsu mita 100 ko 150, wani ma fiye da haka. Sai a kira mai wayarin. Ya tsaya ya hango falwayar, ya ce, "Alhaji, a sayo mai lamba 16 ta alminiyam, ita ake sa wa." A kafa 'yan sanduna, a ja waya, fitilu su kama, a yi hamdala. Sai bazara ta shigo. Fanka tana juyi da ƙyar, firji na kamawa yana ɗaukewa, injin jan ruwa na gurnani ya ƙi tashi. Nan take sai a ce 'yan NEPA ne, ko da yake NEPA ta zama tarihi tun 2005, kuma tun watan Nuwamba na 2013 kamfanoni ne ke rarraba wuta a Najeriya.

Ba wanke kowa na zo yi ba. Akwai taransfomar da aka lafta wa gidaje fiye da ƙarfinta, akwai layin da aka ja ya wuce ƙima, kowa ya sani. Amma laifi tudu ne. A gidaje da yawa, wutar ta iso falwaya da ƙarfinta, a tsakanin falwaya da ƙofar gida ta zube, a cikin wayar da mai gidan ya saya da kuɗinsa.

Bari mu fara da abubuwa biyu da ake auna wuta da su. Akwai bolt, shi ne ƙarfin da ke turo wutar. Akwai amfiya, ita ce yawan wutar da ke gudana a cikin waya. Manomin rani ya san wannan tun kafin a faɗa masa: in ya haɗa injin ban-ruwa da gajeren tiyo mai faɗi, ruwa zai fito da ƙarfi, in ya jona siririn tiyo mai tsawo har ƙarshen gona, injin nan dai shi ne, amma abin da zai fito a baki bai taka kara ya karya ba. Waya ma tana yi wa wuta turjiya. Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ne ya fitar da ƙa'idar a 1827, cewa bolt ɗin da ke ɓacewa a cikin waya daidai yake da amfiyar da ke bi ta cikinta sau turjiyar wayar. Turjiyar kuwa tana ƙaruwa da tsawo, tana raguwa da kauri, kuma ta danganta da irin ƙarfen da aka yi wayar da shi.

A nan akwai abin da ake yawan mantawa. Wuta ba zuwa kawai take yi ba, sai ta koma. Ta shigo ta waya mai rai, ta koma ta nutural. Saboda haka gidan da ke nesa da falwaya da mita 150, wutarsa tafiyar mita 300 take yi. Shi ya sa dabarar nan ta sayen mai kauri a yi waya mai rai da ita, a sayi siririya a yi nutural wai don a rage kuɗi, ba dabara ba ce. A gida mai layi ɗaya, duk amfiyar da ta shigo ita ce za ta koma, ba ragi.

Matsalar ba yau ta fara ba. Lokacin da Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta titin Pearl a birnin New York a 1882, wuta mai bolt 110 yake turawa kai tsaye daga inji zuwa gidaje, kuma ba ta iya wuce wajen mil ɗaya daga tashar ba tare da ta yi sanyi ba. Abin da ya warware wa duniya wannan shi ne taransfoma: a ɗaga bolt sama sosai, amfiya ta ragu, a yi doguwar tafiya, in an iso gari a sauke. Shi ya sa wutar Kainji da Jebba da Shiroro ke tahowa a kan bolt 330,000, ta sauka a manyan tashoshi irin na Mando a Kaduna da Kumbotso a Kano, a mayar da ita 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000, har ta iso taransfomar unguwa ta zama 230 da muke sa wa a soket. To ku duba: a cire bolt 20 daga 11,000, ba wanda zai ji a jikinsa. A cire 20 daga 230, an tafi da kusan kashi ɗaya cikin goma. Wutar ta ƙetare ɗaruruwan kilomita lafiya, amma zangon da ya fi hatsari gare ta shi ne 'yan mitocin nan na ƙarshe, kuma shi ne zangon da muke bar wa kintace.

Mai wayarin da ya ce lamba 16 ta isa, ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Tambaya ɗaya ya amsa cikin biyu. Ta farko ita ce: wayar za ta ɗauki kayan gidan ba tare da ta yi zafi ta narke ba? E, alminiyam mai murabba'in milimita 16 za ta ɗauki amfiya 30 ba ta ko damu ba. Wannan amsar ba ruwanta da nisa. Ko mita 5 ne ko 500, ɗaya ne. Tambaya ta biyu ita ce: bolt nawa zai rage in wutar ta iso? Wannan kuwa nisa ne ke yanke hukunci. A gidan da falwaya ke ƙofarsa, tambayar farko ta wadatar, shi ya sa sabo ya sa aka manta da ta biyun. Da nisa ya wuce mita 40 ko 50, ta biyun ce ke zaɓen waya.

Nawa aka yarda ya ɓace? Tsarin wayarin na Najeriya daga Ingila aka gaje shi, shi ya sa soket ɗinmu mai ƙafa uku iri ɗaya ne da nasu. Ƙa'idarsu, wadda ake kira BS 7671, ta ce daga inda wuta ta shigo gida zuwa inda ake amfani da ita, kada raguwar ta wuce kashi 3 cikin 100 ga fitilu, kashi 5 cikin 100 ga sauran kaya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka gaji tsarin Faransa, ƙa'idar can ma waɗannan alƙaluman ta bayar, 3 da 5. A kan bolt 230, kashi 3 shi ne wajen bolt 7, kashi 5 kuma bolt 11 da rabi. Waɗanda suka rubuta wannan sun ɗauka wuta na isowa bakin gida a cike. Mu kuwa mun san ba kullum falwaya ke ba da 230 ba, kuma wayoyin cikin gida su ma za su ci nasu rabon. Don haka ni dai a ganina, doguwar wayar da ta taho daga falwaya kada a bar ta ta ci fiye da wajen bolt 7 zuwa 9. In ta kai 11 da rabi, an kai bango.

[Gajeren kiɗa]

To, masu biro, ga lissafin.

Da farko a san amfiyar gidan. Kowane kayan wuta akwai wat ɗinsa a rubuce a jikinsa. A raba shi da 230, amfiya ta fito. Dutsen guga mai wat 1,000 ya ɗan haura amfiya 4. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 ta kusa 9. Esi mai doki ɗaya da rabi, a ba ta wajen 6. Ba duk abin da ke gidan za a tara ba, sai waɗanda za su iya haɗuwa a kunne lokaci ɗaya, kuma a yi wa kai gaskiya. A gidajenmu, da an kawo wuta kowa ke rugawa: uwar gida ta jona guga, yara su kunna injin ruwa a cika tanki, firji da firiza su tashi tare. Rashin tabbas ɗin wutar shi ke sa mu tara mata kaya a sa'a guda. Mu ɗauki gida mai esi biyu, amfiya 12, injin ruwa, 6, guga, 4, firji da firiza, 3, fankoki da talabijin da fitilu, 5. Jimla 30.

Sai a auna nisa da tef, ta hanyar da wayar za ta bi, da kwanoninta da hawa da saukarta. Ba da ido ba, ba da taku ba. Mu ce mita 150.

Yanzu a rubuta: nisa sau amfiya. Abin da ya fito a raba shi da lambar kaurin waya. Abin da ya sake fitowa, in alminiyam ce a raba da 14, in jan ƙarfe ce a raba da 23. Amsar ita ce bolt ɗin da zai zube a hanya. Zan maimaita. Nisa sau amfiya, a raba da kauri, a sake rabawa da 14 ga alminiyam, ko 23 ga jan ƙarfe. Kada a ninka nisan sau biyu, zuwa da komowar na cikin lambobin nan 14 da 23. An kuma sa lissafin zafi a ciki, domin turjiyar waya na ƙaruwa da wajen kashi 4 cikin 100 duk lokacin da zafinta ya hau da digiri 10, kuma baƙar wayar da ke shanye a ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri ba a ɗakin gwaji take ba.

Mu gwada. 150 sau 30, 4,500 ke nan. A raba da 16, an sami 281. A raba da 14, an sami 20. Bolt 20 sun tafi. In falwaya ta ba da 230, gida zai ga 210. In ta ba da 205 da magariba, gida zai ga 185, tun kafin wayoyin cikin ɗaki su ci nasu. Mu hau zuwa lamba 25: 4,500 a raba da 25, 180, a raba da 14, kusan bolt 13. Har yanzu ta wuce iyaka. Lamba 35 ta ba da bolt 9 da ɗan ɗoriya. Lamba 50 ta ba da 6 da rabi. Ashe gidan da aka ja wa 16, haƙƙinsa 35 ne, in kuma mai gidan na da niyyar ƙara ɗakin haya ko shago a gaba, 50. Wayoyi ba sa zuwa a kowace lamba. Akwai 10, 16, 25, 35, 50, 70, 95. In lissafi ya faɗa tsakanin biyu, ta sama ake ɗauka.

Wani zai ce me zai hana a sa jan ƙarfe? Ba laifi, in aljihu zai ɗauka. Alminiyam na wuce da wajen kashi 61 cikin 100 ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da ita zai wuce da shi, saboda haka jan ƙarfe lamba 25 ta ɗan fi alminiyam lamba 35 aiki. Amma alminiyam ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ta fi rashin nauyi a kan sanduna, kuma ɓarayin waya ba su cika kwaɗayinta kamar jan ƙarfe ba. A doguwar tafiya ta sama, alminiyam mai kauri ta fi jan ƙarfe siririya, a aiki da a kuɗi.

Ina bolt 20 ɗin nan ke tafiya? Zafi suke zama a jikin waya. Bolt 20 sau amfiya 30, wat 600. In gidan ya yi awa 5 a rana yana jan wannan kaya, yunit 3 ke nan kullum, 90 a wata, ana dumama iskar titi da su. In mitar wutar a bangon gida take, kamfani ne ke tafka asarar. In kuwa irin unguwannin nan ne da ake ɗora mitar a kan falwaya, ko an ja wayar daga mitar babban gida zuwa wani sashe a can ƙarshen fili, to daga katin mai gida ake cirewa.

Asarar yunit ma mai sauƙi ce a kan abin da ke samun inji. Duk abin da ke da mota a ciki, firji ne, esi ce, injin ruwa ne, injin markaɗe ne, ba ya son wuta mara ƙarfi. In bolt ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin juyin motar na raguwa da kusan kashi 19. Aikin da ke gabanta kuwa bai ragu ba, sai ta ƙara jan amfiya don ta cike giɓin, kwayil ya ɗau zafi. Sannan a lokacin tashi, irin wannan mota na jan ninki 5 zuwa 7 na abin da take ja in tana tafiya. A wannan ɗan lokaci bolt na faɗuwa warwas a siririyar waya, motar ta kasa tashi, ta tsaya tana gurnani da wuta a jikinta. Ƙarar nan "ƙas" da kuke ji firji na yi, ya yi shiru, bayan minti biyu ya sake, ita ce ɗan makarin da ke jikin komfireso yana cire shi don kada ya ƙone. Wata rana makarin zai gaza. A kai wa mai gyara, ya canja komfireso, a dawo da shi kan wayar da ta kashe na farko.

Sai a ce a sayo sitabilaiza. Tana da amfaninta, amma ba ta ƙirƙirar wuta. Abin da take yi shi ne ta ƙara jan amfiya daga layi don ta ɗaga bolt. Kayan wat 1,000 a kan bolt 230 na cin amfiya 4 da ɗan kai. In wutar ta sauko 160, sitabilaiza sai ta ja fiye da 6 kafin ta ba shi abin da yake so. Ƙarin nan ta cikin siririyar wayar nan zai biyo, raguwar ta ƙaru. In kowane gida a layin ya sa tasa, na ƙarshen layi ya shiga uku.

Wani abu kuma ya canja a 'yan shekarun nan da ba mu lura ba. Da can, ƙwan fitila mai zare shi ne ɗan rahoto: wuta na raguwa zai yi ja, kowa ya tashi ya cire firji. Ƙwayayen LED na yanzu da yawansu, da cajar waya da talabijin na zamani, an yi su ne su yi aiki tun daga wajen bolt 100 har 240. Ɗaki na haske tas, waya na caji, komfireso kuwa na dahuwa a kicin ba wanda ya sani.

To yaya za a gane ko daga layi ne ko daga wayar gida? Akwai gwaji mai sauƙi, amma ƙwararre ne zai yi shi, da ƙaramar na'urar awon nan ta hannu. A kashe komai na gidan, ya auna bolt a inda wuta ta shigo. Tunda ba amfiyar da ke gudana, ba abin da ya zube a hanya, abin da ya gani shi ne abin da ke kan falwaya. Sannan a kunna manyan kaya duka, ya sake aunawa nan take. In ya ga 225 da farko, ya ga 200 daga baya, mafi yawan ɓarnar tana tsakanin falwaya da gida, ko kaurin waya ko wani haɗi da ya saki. In kuwa tun komai na kashe 170 ya gani, to ko wayar da ta kai damtse aka sa ba za ta mayar da ita 230 ba. Wannan maganar taransfoma ce da layin unguwa, ofishin kamfani za a nufa. A yi gwajin bayan magariba, lokacin da kowa ya kunna nasa.

[Gajeren kiɗa]

Duk lissafin nan ya dogara ne da cewa lambar da ke rubuce a jikin waya gaskiya ce, kuma ba kullum ba. Akwai wayar da aka buga wa 2.5 alhali abin da ke ciki bai fi 1.5 ba, an cika ta da roba. Akwai wadda alminiyam ce aka yi wa fatar jan ƙarfe, ake sayar da ita a matsayin jan ƙarfe. A kankare bakin silin da wuƙa. In cikin fari ne, an gane. Nauyi ma na tona asiri: jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na waya lamba 2.5 shi kaɗai ya haura kilo 2, ban da roba. Naɗin da ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye shi. A nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a karɓi rasit, a kuma auna tsawon, don ba kowane naɗi ne ke cika abin da aka rubuta ba.

Sai haɗi. Waya mai kyau da mugun haɗi, aikin banza. Alminiyam na yin wata 'yar fata a jikinta da zarar ta sha iska, fatar nan kuwa ba ta wuce da wuta. In aka murɗa ta kai tsaye da jan ƙarfe, damina ta sauka a kai, sai su shiga cin juna, wurin ya yi farin gari, ya riƙa zafi. A Amurka, daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, tsadar jan ƙarfe ta sa aka yi wa gidaje masu ɗimbin yawa wayarin da alminiyam, daga baya aka yi ta fama da gobara, kuma akasarinta a wuraren haɗi ta tashi. Akwai maƙalai na musamman da ake haɗa ƙarfen biyu da su, a ɗaure da kusoshi tam. Doguwar waya kuma a yi ƙoƙari ta zama guda daga falwaya har gida. Guntayen da aka jojjona aka naɗe da leda, kowane ƙulli cikinsu wurin zubar wuta ne.

Masu bohol ku matso kusa. Nisan injin sumo ba daga gida zuwa bakin rijiya ba ne kawai, har da zurfin da aka zura shi. Mita 70 a sama da 80 a ƙasa, 150 ke nan. Inji mai cin amfiya 10 a kan jan ƙarfe lamba 2.5: 1,500 a raba da 2.5, 600, a raba da 23, bolt 26. Lamba 4 ta ba da 16, lamba 6 ta ba da 11. Bambancin kuɗin 2.5 da 6 bai kama ƙafar kuɗin ciro inji daga rijiya da sake masa kwayil ba. Irin wannan siririyar waya mai tsawo tana da wani hatsarin kuma: in wayoyi suka haɗu a can ƙarshe, turjiyar hanya na iya rage wutar har bireka ta yi jinkirin faɗuwa, balle a katawut ɗin da aka cire fis aka ɗaura silin waya. Masu sola kuma, naku ya fi tsanani, don batirinku 12 ne ko 24 ko 48. Bolt ɗaya cikin 12 ya haura kashi 8 cikin 100, kuma injin juya wuta mai wat 2,400 a kan batir 24 na jan amfiya 100 ko fiye. Tsakanin batir da injin, waya ta zama gajera mai kauri.

Akwai wata hanyar rage asara da muke da ita a hannu amma muke ɓata ta. Gidaje da yawa an ja musu waya huɗu: ja, rawaya, shuɗi da nutural. Manufar ita ce a raba kayan gida kashi uku. Gidanmu mai amfiya 30, in an raba daidai, kowane layi 10 zai ɗauka, nutural kuma kusan ba abin da zai bi ta cikinta, domin layukan uku na kashe na juna a can. Raguwar sai ta sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin shida na yadda take a da. Amma me muke yi? Mu tara gidan duka a kan katawut ɗaya, mu riƙa zare shi muna bin layin da ya fi ƙarfi. Maƙwabta ma haka. Kafin isha'i kowa ya koma layi ɗaya, shi ma ya durƙushe. An biya kuɗin waya huɗu ana cin amfanin biyu. Wanda zai raba kayansa a kan layi uku dai ya tabbata nutural ɗinsa a ɗaure take da kyau, domin in ta tsinke a irin wannan tsari, wani sashen gidan na iya ganin abin da ya doshi bolt 400.

Daga ƙarshe, akwai nisan da ya fi ƙarfin wayar gida. Mu ce mita 400 da amfiya 30: 12,000 ke nan. Ko alminiyam lamba 70 aka sa, raguwar ta haura bolt 12. In lissafi ya fara kai ka 70 da 95, yana gaya maka ne cewa ba wayar gida kake buƙata ba, layi ya kamata ya matso. Maimakon gida goma kowa ya ja tasa siririyar a kan sandunan katako, gara a haɗa kai a rubuta wa kamfanin yankin, KEDCO ga mutanen Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric ga na Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, NIGELEC ga na Nijar, a nemi a ƙaro falwaya da layi mai waya huɗu, ko a kawo taransfoma kusa in gidajen sun yi yawa. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke duba irin wannan aiki kafin a sa masa wuta, ita ce kuma ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa. Ba rashin kunya ba ne ka ce wa mai aiki, "Malam, nuna mini takardarka, ka kuma rubuta mini bolt nawa zai zube a wayar nan." Hawa falwaya kuwa aikin ma'aikatan kamfani ne, domin ko an ɗauke wuta, janaretan wani gida da ba a raba shi da layi ba na iya mayar da ita kan waya.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wayar ƙasa, da dalilin da ya sa jikin firji ke jan mutum. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]